Ankon da ya fito kala uku: nazarin wani zaman rini na yamma a Agege

Zaman da ake magana a kai na mata goma sha biyu ne, mazauna wajen Zango a Agege, waɗanda suka saba haɗuwa kowace Asabar daga bayan la'asar zuwa isha'i a tsakar wani gidan haya. Da adashi suka fara, sannan aikin hannu ya shigo: wata na saƙa, wata na jera duwatsun ado, wata na ɗinkin matashi, ana hira ana shan shayi, yara na karatun allo a gefe. Rini ya zo musu ta hannun wata maƙwabciya Bayarabiya 'yar asalin Abeokuta, wadda suke kira Iya, ita ta nuna musu ɗaurin adire, wato rinin Yarabawa da ake ɗaure yadi kafin a tsoma, da rafiya, wato zaren ganyen tukuruwa, da yadda ake haɗa ruwan shuni na kamfani. Sun yi watanni suna rina ɗankwali da mayafi da ƙananan ƙyallaye, komai na fitowa lafiya. Ganin haka wata Hajiya da za ta aurar da 'yarta ta ba su aikin anko: shadda ashirin da huɗu, kowace yadi biyar, shuɗi mai duhu da fararen zobba, a gama cikin Asabar uku. Lokacin ƙarshen watan Yuni ne, ruwa na sauka kusan kullum.

Da aka buɗe kayan aka jera su a igiya da safe, sai ga anko kala uku. Shida sun yi duhu yadda ake so. Goma sun tsaya a tsaka-tsaki, wasu da dabbare-dabbare. Takwas kuwa sun fito fari-fari, kamar an daɗe ana wanke su. Masu duhun ma da aka goga musu farin ƙyalle sai ya koma shuɗi, kuma huɗu daga cikin waɗanda aka naɗe da daren sun fara warin fumfuna.

Matan nan ba 'yan koyo ba ne, hannunsu ya iya ɗauri, kuma ba wadda ta yi ha'inci. Abin da ya ɓata aikin shi ne an ɗauki tsarin da ya dace da ɗankwali ɗaya an ɗora wa kusan kilo ashirin na yadi, a lokacin da haske ke gushewa, da hannaye da yawa a kan baho ɗaya.

Yadin kansa

Shadda goma sha shida an sayo su tare a kasuwar Balogun da ke tsibirin Legas, daga dila ɗaya. Da aka ƙara yawan masu anko, sai aka cike takwas daga wani shago na kusa don gudun cunkoson hanyar shiga gari. A ido duk farar shadda ce, har ta biyun ta fi sheƙi. Amma tana da roba a ciki, wato zaren foliyesta da aka cakuɗa da auduga, kuma shuni ba ya kama roba ko da za a kwana ana tsomawa. Audugar da ke ciki ce kaɗai ta sha launi, shi ya sa takwas ɗin nan suka fito a koɗe. Gwajin ba ya ɗaukar minti ɗaya: a zare 'yan zaruruwa daga gefen yadi, na tsaye da na kwance daban-daban, a kunna musu ashana. Auduga tana ci da sauri, da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke wargajewa a yatsa. Roba tana narkewa ta dunƙule ta zama ƙwallo mai tauri. Duk wanda zai sayi yadin rini ya tafi kasuwa da ashana a jaka, kuma ya sayi duka a rana ɗaya daga dila ɗaya, da rarar yadi biyu na gwaji.

Sannan ba a wanke shaddar ba kafin a ɗaure. Sabuwar shadda tana zuwa da sitaci da wani santsi na masana'anta wanda ke hana ruwa shiga zare. A kan ɗankwali matsalar ba ta bayyana sosai domin ana murza shi da hannu ko'ina ya jiƙa. A kan yadi biyar da aka tattare aka ɗaure, inda santsin ya yi kauri sai launi ya tsallake shi, daga nan dabbare-dabbaren suka fito. Ana jiƙa yadin a ruwan zafi da garin sabulu na tsawon awa ɗaya, a murza, a ɗauraye sau biyu, a shanya. Alamar ya wanku ita ce in aka ɗiga masa ruwa bayan ya bushe ya shanye nan take, ɗigon bai tsaya a kai ba.

Ruwan rini, inda aka fi yin asara

Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an canza masa hali ta hanyar cire iskar da ke cikin ruwan, a cikin ruwa mai kaifin toka, kafin ya narke ya shiga zare. Idan aka fito da yadin iska ta buge shi, sai ya koma yadda yake tun asali, ya maƙale a cikin zaren. A marinar Kofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, baba da toka da kanwa ne ke wannan aikin a cikin rami, ana jiran kwanaki masu yawa ruwan ya nuna. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shuni na masana'anta a 1897 hanya ta gajarta: garin shuni, da sodar da ake haɗa sabulu da ita a madadin toka, da farin garin da masu rini ke kira haidros a madadin kwanakin jira. Aikin dai ɗaya ne, kuma abokin gaban ruwan rini a Kano da Legas duk iska ce.

Haidros ɗin da matan nan suka yi amfani da shi an saye shi tun watanni biyu baya, ana ajiye da shi a leda da aka ƙulle da hannu a ƙarƙashin gado. A Kano cikin rani wataƙila ya jure. A daminar Legas, inda gishiri ma ke jiƙewa a kwano, garin yana shan laima ya dunƙule, ya riƙa wari mai shaƙe maƙogwaro, ƙarfinsa ya tafi. Lafiyayyen haidros fari ne, yana zuba kamar sukari. Wanda ya daskare ko ya yi rawaya-rawaya ya riga ya gama aiki a cikin ledarsa. A sayi daidai na aikin da ke gaba, a zuba a roba mai murfi da ke rufuwa gam, a ajiye nesa da ruwa da wuta, domin idan mai yawa ya sha 'yar laima yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta.

Bayan haka sai awo. Da cokali suke auna komai, kuma a daren farko mutum uku ne suka haɗa ruwa a lokuta daban-daban, wata cokalinta a tule, wata a shafe. Sikelin kicin na batir ya isa ya kashe wannan rigimar. Ma'aunin da za a iya farawa da shi ga ruwa lita 20 shi ne shuni giram 50, soda giram 50, haidros giram 90 zuwa 100. Ƙarfin garin kasuwa ya bambanta, don haka kowane sabon saye sai an gwada shi a ƙyalle. Ana dama shunin da ɗan ruwan ɗumi ya zama kamar kunu mai kauri, babu gudaji; in yana ƙin jiƙa a zuba shi a kwalba da 'yan tsakuwa da ruwa a girgiza. Ana narka soda daban, kuma kullum soda ake zubawa a cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, saboda tana zafi tana tartsatsi. A haɗa su a ruwan da zafinsa ya kai digiri 50, wanda hannu zai iya taɓawa amma ba zai daɗe a ciki ba. Haidros ne na ƙarshe, a barbaɗa shi a hankali, a juya da sanda ba tare da tayar da kumfa ba, a rufe, a bar shi rabin awa zuwa awa ɗaya.

Matan nan kuwa tafasasshen ruwa suke juyewa a kan garin uku gaba ɗaya, sannan a buga da muciya da ƙarfi. Tafasasshen ruwa yana kashe haidros cikin 'yan mintoci, bugun kuma yana cusa iska. Ruwan da ya nuna ana gane shi da ido: samansa da kumfa mai shuɗi da wani sheƙi kamar na jan ƙarfe, amma in aka ɗebo daga ƙasa a farin kofi sai a ga kore-kore mai ruwan ɗorawa, garau. In ya fito shuɗi mai duhu da ɓurɓushi, shunin bai narke ba, kuma duk abin da aka tsoma a ciki fenti kawai aka yi masa a sama. Wannan shi ne launin da ya riƙa bin farin ƙyalle. A turkuɗin Kura, da Buzaye ke naɗawa, shunin da ke bin fata abin so ne, don haka ake buga shi a jikin yadin da gangan. Mai zuwa biki da farar jaka da farin takalmi ba ta yi wannan yarjejeniyar da kowa ba.

Akwai lissafin da ba wanda ya yi. Shadda mai yadi biyar tana kai wajen giram 800, wani lokaci ta fi. Shuɗi mai duhu yana cin shuni kamar kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na nauyin yadi. Ashirin da huɗu ke nan suna neman kusan rabin kilo na shuni, kuma haɗin lita 20 da aka ambata ba zai wuce shadda biyu ba kafin ya nemi ƙari. Matan sun riƙa tsoma shida a haɗi ɗaya. Biyun farko suka kwashe launin, na baya suka sami ragowa. Haɗi uku aka yi wa auduga, kowanne ya ba da masu duhu biyu, ga asalin shidan nan da suka yi kyau.

Mazubin ma yana da nasa laifin. Faffaɗan baho yana buɗe fuskar ruwa ga iska, kuma duk ɗagawa da saukewa ruwan da ke ɗiga daga yadi yana komawa ciki da kumfa. Ramin marina ƙuntataccen baki gare shi da zurfi, kuma magabata ba su yi haka a banza ba. Duro na roba mai murfi, mai cin lita 60 zuwa 100, shi ne mafi kusa da rami a gidan haya. Tukunyar alminiyom kuwa kada ta kusanci wajen, soda tana cinye ta. Yadin da aka ɗaure a fara jiƙa shi a ruwa zalla na minti ashirin zuwa talatin, a matse, sannan a zura shi a hankali ta gefen duro, a riƙa motsa shi a ƙarƙashin ruwa minti uku zuwa biyar, kada ya taɓa dattin da ya kwanta a ƙasa. A matse shi daf da fuskar ruwa, a fitar, a buɗe lungunansa iska ta shiga minti goma zuwa sha biyar, har koren ya juye shuɗi ko'ina. Duhu yana samuwa ne daga yawan tsomi, sau huɗu zuwa shida, tsomi ɗaya mai tsawo ba ya kawo shi. Kuma idan ana son anko ya zo ɗaya, duk kayan su yi zagayen farko, a ƙara wa ruwa ƙarfi, sannan a yi na biyu a juya jerin, wanda ya zo ƙarshe ya koma farko.

Magariba

Duk wannan yana buƙatar ido, kuma a Legas rana tana faɗuwa wajen ƙarfe bakwai. Ana gama ɗauri da hira wajen shida, a haɗa ruwa, a tashi sallar magariba, a dawo a ci gaba da fitila mai caji in an ɗauke wuta. A wannan hasken kore da shuɗi ba su rabuwa, jiƙaƙƙen yadi kuma kullum ya fi busasshe duhu da nisa, don haka na tsaka-tsaki da masu duhu duk iri ɗaya suka yi a idon kowa. Da an yanki ƙyalle an tsoma tare da kowace shadda, an busar da shi da dutsen guga an kwatanta da samfurin da Hajiya ta amince da shi, da tun daren farko an gane.

Haɗarin da ya fi ɓacin yadi shi ne na yara. Narkakkiyar soda ba ta da launi, ba a bambanta ta da ruwan sha, kuma likitoci a Najeriya sun daɗe suna ganin yaran da suka sha ta a gidajen da ake haɗa sabulu, maƙoshinsu ya ƙone ya tsuke, a yi shekaru ana magani. A wannan zaman an taɓa narka ta a gorar lemo aka ajiye a gindin bango, a tsakar gidan da iyalai da yawa ke wucewa cikin duhu. Allah ya tsare, amma wannan kaɗai ya isa a raba rini da zaman dare. Mai haɗa ruwa ta sa doguwar safar hannu ta roba da tabarau da takunkumi, mai asma ta yi nesa da warin haidros. In soda ta taɓa fata ko ido a yi ta kwarara ruwa na minti ashirin, na ido a wuce asibiti. Wanda ya sha kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti tare da abin da ya sha.

A ƙarshen aikin an jiƙa kayan a ruwan gishiri da niyyar kama launi. Gishiri ba ya ɗaure shuni, wannan magana ce da ta yaɗu kawai. Abin da ake yi shi ne a ɗauraye tun kafin a kwance ɗauri har ruwa ya fara haske, a kwance, a sake ɗaurayewa da ɗan ruwan binega, wato khal, don kashe ragowar soda, sannan a wanke da ruwan zafi da sabulu ya kwashe garin da ke sama. Bayan haka ne ake sitaci da bugu. Shanya kuma a inuwa mai iska, a bar shi ya bushe ƙarau. Waɗanda aka naɗe da sauran danshi don gudun ruwan dare su ne suka yi fumfuna. Da an baza su a igiya a cikin ɗaki an kunna fanka da sun tsira.

Yadda aka warware

Sha shidan auduga an ceto su. An wanke su da ruwan zafi da sabulu, aka haɗa sabon ruwa a duro da sabon haidros da safiyar wata Lahadi, goman tsaka-tsaki aka sake ɗaure zobbansu a kan tsohon sawu aka ƙara musu tsomi uku. Ɗauri na biyu ba ya taɓa faɗawa daidai kan na farko, don haka zobban suka sami wata inuwa mai haske a gefe, sai aka yi wa dukkan sha shidan tsomi ɗaya na minti ɗaya bayan an kwance, farin ya koma shuɗi mai haske a kan kowa. Hajiya ta karɓa, ko da yake ba farin da ta zaɓa ba ne. Takwas masu roba ba su da magani. An sayo wasu a Balogun, su kuma aka yanka su aka yi rigunan matashi da jakunkuna.

Kuɗin takwas ɗin nan ne ya kusa raba zaman. Wasu suka ce a cire daga adashi, waɗanda ba su sa hannu a rinin ba suka ce ba da su aka yi ciniki ba, kuma gaskiyarsu ce. Wadda ta sayo yadin na biyu ta ji kamar ita ake nufi, ta daina zuwa sati biyu, sai da babbar cikinsu, wadda duk suke kira Yaya, ta bi ta har ɗaki. A ƙarshe aka cire asarar daga ladan aikin, waɗanda suka yi rinin suka tashi kusan ba riba. Wannan hukuncin ya yi daidai. Adashi amana ce ta kowa, aikin kuɗi kuma kasada ce ta waɗanda suka shiga, kuma ya kamata a faɗi haka tun kafin a karɓi kafin alƙalami, ba bayan an yi asara ba.

Bai kamata a fahimci wannan a matsayin cewa zaman yamma bai dace da sana'a ba. Ga macen da ta bar danginta a Katsina ko Zariya ta zo zaman aure a ɗaki ɗaya a Legas, wannan Asabar ɗin ita ce inda take jin yarenta a bakin tsararrakinta, inda ake sanin wadda ba ta da lafiya da wadda mijinta ya yi tafiya. Kuma mafi yawan aikin adire aikin zama ne. Ɗauri da rafiya, wanda Yarabawa ke kira oniko, da ɗinki da allura da ake ja a tsuke, wato alabere, su ne ke cin awoyi, kuma hannu yana yin su baki na hira. Abin da suke buƙata shi ne kwali da aka huda a matsayin ma'auni, a ɗiga alli a kan kowace shadda, a yarda da girma ɗaya na tsakuwar da ake ɗaurewa a cikin yadi da yawan naɗi ɗaya, misali takwas, sannan mutum ɗaya ta bi ta ja kowane ɗauri kafin a tara, tunda hannu goma sha biyu ba sa tsukewa daidai.

Tsarin da suka koma kai ke nan. Asabar da yamma wanki ya riga ya bushe, sai zane da ɗauri da ɗinki da shayi. Rini ya koma safiyar Lahadi daga ƙarfe bakwai, mutum biyu kawai, ɗaya a kan duro ɗaya a kan igiya da agogo, yara na cikin ɗaki. Akwai littafi da ake rubuta nauyin yadi da giram na kowane gari da yawan tsomi, a manna ƙyallen gwaji a gefen shafin. Ba a karɓar anko a watan Yuni da Yuli sai in akwai sati huɗu a gaba, kuma mai biki tana sa hannu a kan ƙyallen samfur kafin a taɓa yadinta.

Abin da har yanzu ke gabansu shi ne ruwan da aka gama da shi. Duro mai lita 80 na ruwan soda ba abin juyewa a kwatar gidan haya ba ne, inda maƙwabta ke wanke-wanke kuma wasu gidajen da rijiya suke sha. A yanzu suna barin duron a buɗe kwana biyu suna juyawa har shunin ya koma gari ya kwanta, su tsiyaye na saman su rage masa kaifi da binega da ruwa mai yawa kafin a zubar, dattin ƙasan kuma a busar a ƙulle a leda. Wannan ya isa ga aikin wata-wata. In aikin ya zama na kowane mako, mai gidan da maƙwabta za su yi magana, kuma dole a nemi fili a wajen gida mai ramin tace ruwa.